Muhammadu al-Katsinawi: malamin hatimi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741

A unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra, da wuya a sami gidan da ba a taɓa yin gardama a kan zuwa wurin malamin duba ba. Uwa tana so a buga ƙasa kafin a sa ranar auren 'yarta. Babban ɗanta da ya yi karatun addini yana cewa shirka ce. Ƙanensa da ke jami'ar Legon yana cewa camfi ne kawai. Sau da yawa maganar tana ƙarewa da ɓacin rai, ba tare da kowa ya gamsar da kowa ba. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ita ce: imani da taurari abu ne da ya kamata a tunkara da hujja, ko gado ne da za a girmama a ƙyale?

Akwai wani malami da tarihinsa zai amfani duk ɓangarorin uku. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. Ya bar ƙasar Katsina kusan shekara 300 da suka wuce, ya rubuta littattafai a kan hatimi, taurari, nahawu da manɗiƙi, ya karantar da ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Misira, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau, masu aikin asiri ma suna karanta shi har yau, kowa da abin da yake nema a wurinsa.

Daga Ɗan Ranko zuwa zaurukan karatu

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne daga marubucin tarihin nan na Misira, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya ba shi babi a littafinsa Aja'ib al-Athar. A cikin sunayen da ya jero masa akwai Ɗanrankawi, wato mutumin Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina da masana tarihi ke dangantawa da fatake Wangarawa.

Ya tashi ne a lokacin da Katsina ke kan ganiyarta. Ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da biranen Sahara, fataken goro na tasowa daga Gwanja, littattafai kuma suna bin kaya. Birnin ya riga ya yi suna da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667.

Al-Jabarti ya lissafa malamansa. Akwai Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu na Bagarmi, a ƙasar Cadi ta yau. Akwai Malam Muhammadu Fodu, wanda ya lazimta kimanin shekara 4, a gida da kan hanya, yana karanta sarfu da nahawu da adabi. Saboda yadda ya haddace Maƙamat, malamin ya riƙa kiransa Mai Maƙamat. Da ya ƙware a nahawu sai laƙabin ya koma Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Basra na ƙarni na 8. A wurin Malam Muhammadu Bindo kuma ya ɗauki ilimin haruffa da hatimi, da hisabi, da miƙati, wato sanin lokutan salla da alƙibla ta hanyar lura da rana da taurari, bisa tsarin malaman Magrib. Ya karanta usulu, balaga, manɗiƙi, littattafan tauhidi na Sanusi, Sahihul Buhari da Muhtasar na Halil.

Wannan jeri yana nuna yadda karatu yake a lokacin. Fiƙihu, hadisi, lissafi da asiri duk a tabarma guda ake ɗaukarsu. Almajirin da ya iya fitar da rabon gado shi ne kuma ake sa ran ya iya cika hatimi, domin duka biyun aikin lamba ne.

Hanyar gabas

Da ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar hajji, tafiyar da a wancan zamani take cin shekaru. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakuna da malamai. A wani gari ya yada zango har wata 5 yana koyon ramli, abin da Hausawa ke kira bugun ƙasa, tare da wasu littattafan hisabi. Ya yi aikin hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1730, ya kuma zauna maƙwabtakar Harami na wani lokaci.

A Alƙahira ya sauka a Darb al-Atrak, kusa da masallacin Azhar. A nan ya haɗu da Shaihu Hasan al-Jabarti, malamin fiƙihun Hanafiyya kuma masanin falaki da ake ji da shi a Misira, mahaifin marubucin tarihin da aka ambata. Shaihu Hasan ya zauna gabansa ya ɗauki ilimin hatimi. Baƙo ne daga ƙasar Hausa, amma shi ne a kan buzun malami, ɗan Azhar kuma a gabansa da littafi.

Hatimi: lissafin da kowa zai iya gwadawa

Littafin da ya fi jawo masa suna a wurin masana lissafi shi ne Bahjat al-Afaƙ, wanda ya rubuta wajen 1732. Akwai kwafinsa na rubutun hannu a makarantar SOAS da ke Landan, kuma marubuciya Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatu na duniya a littafinta Africa Counts na 1973.

Duk wanda ya taɓa buɗe laya ya ga hatimi. Murabba'i ne da aka raba gida-gida, aka zuba lambobi a ciki ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne musallasi mai gida 9: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ko a kwance aka haɗa, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Lambobin kusurwa huɗu, 2, 4, 6 da 8, su ne a lissafin abajada suke ba da haruffan ba, dal, wau da ha, inda aka samo kalmar Buduhu da ake gani a layu da yawa.

Musallasi ba shi da wuya. Aikin yana farawa ne idan gidaje suka ƙaru. Mai gida 25 dole kowane layi ya ba da 65, mai gida 49 ya ba da 175, mai gida 81 ya ba da 369. Wanda ya ce zai cika irin waɗannan da cinke sai ya kwana yana gogewa. Al-Katsinawi ya tsara ƙa'idojin cika hatimai masu layi mara, wato 3, 5, 7, 9 zuwa sama. Ɗaya daga cikin hanyoyin tana bin tafiyar doki a wasan shaɗaranji: gida biyu gaba, ɗaya gefe. Idan lamba ta faɗa waje, sai a shigo da ita ta ɗaya bakin, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu. Ya gargaɗi almajiri da ya yi haƙuri kada ya gaji, ya kuma riƙe aikin a asirce.

Wannan fanni ya girme shi. Masana irin su Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a 998, sun yi rubutu a kansa tun da daɗewa. Abin da al-Katsinawi ya yi shi ne tattarawa, warware wuraren da suka rikice, da tsara su yadda ɗalibi zai bi. A daidai wannan zamani Turawa ma suna kan wannan bincike. Jakadan Faransa Simon de la Loubère ya wallafa wata hanyar cika hatimi mara a 1691 bayan dawowarsa daga Siyam, babban masanin lissafi Leonhard Euler kuma ya yi nasa rubutun a 1776.

Inda lissafi ya haɗu da taurari

Ga malaman asiri, hatimi ba wasan lamba ba ne. Sun raba hatimai ga taurari bakwai masu tafiya: mai layi 3 na Zuhalu, 4 na Mushtari, 5 na Mirrihu, 6 na Rana, 7 na Zuhura, 8 na Uɗaridu, 9 na Wata. Ana mayar da sunan mutum ko wata aya zuwa lamba ta hanyar abajada, a zuba a hatimi, a rubuta a sa'ar tauraron da ake ganin ya dace da buƙatar: soyayya, kasuwa, tsari ko rinjaye.

Wannan ɓangare shi ne jigon babban littafinsa, al-Durr al-Manzum, a kan ɗalasimai da taurari. Ya fara shi a Makka, ya kammala a Alƙahira a watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733. Ya gina shi ne a kan al-Sirr al-Maktum, littafin da ake dangantawa ga Fakhruddin al-Razi, mai tafsirin nan da ya rasu a 1210. A ciki akwai bayanin buruji 12, manzilolin wata 28, ɗabi'un da ake jingina wa taurari, da zaɓen sa'ar aiki. An buga shi a Alƙahira a 1961.

Mai karatu na yau zai iya mamakin yadda mutum ɗaya ya haɗa lissafi mai tsafta da irin wannan. A zamaninsa ba abin mamaki ba ne, a gabas ko a yamma. Johannes Kepler, Bajamushen da ya gano ƙa'idojin zagayen duniyoyi, ya rasu a 1630 yana duba wa manya taurari. Al-Katsinawi kuwa ya rubuta waƙen manɗiƙi mai suna Minah al-Ƙuddus, ya yi masa dogon sharhi, ya kuma rubuta Bulug al-Arab a nahawu. Mutumin da ya ɓata shekaru yana koyar da yadda ake auna hujja, ba rashin ladabi ba ne a auna maganarsa da hujja.

Rasuwarsa

Bayan wata tafiya zuwa Hijaz, Shaihu Hasan ya sauke shi a gidansa tare da matarsa da bayinsa, kuma a nan ya kammala yawancin littattafansa. A wannan gida ya rasu a 1154 ta Hijira, 1741. Ya bar wa Shaihu Hasan wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Shi ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Abdurrahman, wanda aka haifa shekaru fiye da 10 bayan haka, bai gan shi ba. Ya tashi ne ya tarar da labarinsa a gidansu, ya rubuta shi da girmamawa ƙwarai.

Malaman da suka ƙi yarda

Masu cewa sukar duba aikin 'yan boko ne ko na sababbin ƙungiyoyi ba su bi tarihi ba. Tun a zamanin Annabi (SAW), da rana ta yi husufi ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai ya gyara musu cewa husufi ba ya faruwa don mutuwar wani ko haihuwarsa. A Sahihu Muslim akwai gargaɗi mai tsanani ga mai zuwa wurin ɗan duba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya raba ilimin taurari gida biyu a cikin Ihya: na lissafi, wanda ake sanin tafiyar rana da wata da shi, da na hukunci, wanda ake cewa tauraro kaza zai jawo abu kaza. Na farkon ya karɓa, na biyun ya ce zato ne. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi guda a Muƙaddima don rusa na biyun. Hujjarsa ta hankali ce: masu taurari suna cewa da gwaji suka san tasirinsu, alhali wasu haɗuwar taurarin ba sa maimaituwa sai bayan shekaru masu yawan da rayuwar mutum ba ta kai ba, to yaushe aka gwada? Marubutan tarihi sun kuma adana labarin 838, lokacin da masu taurari suka hana Halifa Mu'utasim fita yaƙin Amuriyya, ya fita, ya ci garin.

A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nur al-Albab ya soki masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko taurari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta risala a kan wajibcin guje wa masu rufa-ido da masu taurari. Duk da haka jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa, ya karanci ilimin haruffa da falaki. Gardamar da ake yi a tsakar gida a Nima, an yi ta a gidajen manyan malamai tun da can.

Binciken zamani ya ƙara nasa. Saboda wani jinkirin juyi da duniya ke yi, wanda ke cika zagaye a kusan shekara 26,000, burujin da aka tsara shekara 2,000 da suka wuce sun goce da kusan burji guda daga inda taurarin suke a sama. Saurayin da ke duba burjinsa a waya yana iya karanta hukuncin burjin da rana ba ta cikinsa ranar haihuwarsa. A 1985 mujallar kimiyya ta Nature ta buga gwajin da Shawn Carlson ya yi a Amurka, inda aka nemi ƙwararrun masu taurari su haɗa taswirar haihuwar mutum da bayanin halinsa. Ba su fi mai cinke dacewa ba. Kafin duk wannan akwai tsohuwar tambayar tagwaye: Hasan da Husaini an haife su a sa'a guda, me ya sa arzikinsu da halinsu suke bambanta?

Yadda abin ya iso zango

Hanyar goron da ta haɗa Katsina da Gwanja ba goro kaɗai ta ɗauka ba. Malamai sun bi fatake zuwa Salaga da Kumasi da allunansu da kundinsu. Baturen Ingila Thomas Bowdich, da ya isa Kumasi a 1817, ya tarar da layun Musulmi suna da tsada ƙwarai a fadar Asante, jarumai suna ɗinka su a rigunan yaƙi. A ɗakin karatu na masarautar Denmark da ke Copenhagen akwai ɗaruruwan takardun Larabci daga Kumasi na wancan zamani, yawancinsu laƙani ne da hatimai, kuma ana kyautata zaton an tsince su ne bayan yaƙin Katamanso na 1826, kusa da Accra. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, malamai da 'yan kasuwa suka watsu zuwa zangunan kudu. Fannin da al-Katsinawi ya ƙware a kai, shi ne wanda jikokinsu suka gada a Sabon Zongo, Nima da Maamobi, inda har wanda ba Musulmi ba yakan zo neman taimakon malam.

Abin da ya cancanci girma da abin da ya cancanci tambaya

Tarihin wannan malami yana nuna cewa abin da ake kira ilimin taurari kaya uku ne a ɗaure da igiya ɗaya. Akwai lissafi, kamar hatimi da miƙati, wanda yaro ɗan aji shida zai iya tabbatarwa da fensir. Akwai lura da sama don sanin lokaci, kamar yadda manomi a Maraɗi ko Katsina ke ƙirga taurarin damina, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a da sauransu, kowanne kwana 13, ko yadda matafiyi ke tashi da fitowar Gamzaki. Wannan kalanda ce da kakanni suka gina da ido da haƙuri. Sai na uku, da'awar cewa tauraro ko zanen ƙasa zai faɗi wanda za a aura, ranar da za a yi tafiya, ko wanda ya yi wa mutum sammu. Na ɗaya da na biyu sun jure gwaji. Na uku bai jure ba, kuma kasancewar hatimi yana ba da 15 ta kowane gefe ba ya tabbatar da cewa zai kawo ciniki.

Na ukun ne kuma yake da farashi. Ana fasa aure don an ce taurarin masoya ba su haɗu ba. Ana kai mara lafiya asibiti a makare. Sidin da aka tara na kuɗin makaranta yana tafiya a sadakar rago. Ana raba zumunci don an nuna kishiya ko maƙwabciya da yatsa. Wanda ya ga haka ya yi shiru da sunan girmamawa, bai kyauta wa wanda abin ya shafa ba.

Sai dai hujja ba zagi ba ce. Uwar da ke neman a duba tana tsoron abin da gobe za ta haifar wa 'yarta, kuma a unguwar da aiki ya yi wuya, zauren malam yakan zama wurin da ake sauraron mutum har ya gama magana. Wanda ya fara da kiranta jahila ko mushrika ya rufe ƙofa tun kafin ya shiga. Tambayoyi masu sauƙi sun fi aiki: sau nawa aka faɗa bai faru ba, wa ke riƙe da lissafin waɗannan, nawa aka kashe, me za a rasa idan aka yi istihara da shawara aka kuma je asibiti?

Al-Katsinawi ya yarda da tasirin taurari, kamar yawancin masanan zamaninsa, kuma a nan hujja ba ta tare da shi. Ya kuma bar lissafin da ke tsaye daram bayan kusan ƙarni uku. Malamin makaranta a Nima zai iya zana gida 25 a allo, ya ce wa yara su cika da 1 zuwa 25 kowane layi ya ba da 65, idan sun gaji ya nuna musu tafiyar doki, sannan ya gaya musu cewa wani Bakatsine ya koyar da wannan fanni a Alƙahira har malamin Azhar ya zauna gabansa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.